Rauta a Kan Turmi

Yammacin da abin ya fara, gidan Halliru na Anka yana nan yadda ya saba. Rana ta yi ja ta sauka bayan katanga, kaji sun fara neman wurin kwana, Lubabatu na durƙushe gaban murhu tana tuƙin tuwon dawa, hayaƙi na cin idonta. Uwarta Hure tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ƙafafu miƙe, waya a kan cinya. Ba barci take ba, ba tunani take ba. Zama ne kawai, irin wanda ta koya tun barowarsu Dareta.

Maigidan ba ya gari. Shekarar da labarin zinarin Jado ya kwashi mazan ƙasar nan zuwa hamadar Nijar, ta kwashe da Halliru. Ba ya samun kira sai in ya gangaro gari sayen abinci, kuma ba wanda ya san ranar. Shi ya aiko wa Hure babbar waya, ya kuma ce wa ƙanensa Nuraddeen ya yi duk dabarar da za ta sa ya riƙa ganin fuskar iyalinsa. To ka san Nura, mai gyaran waya a tasha, mutumin da ba ya ganin na'ura ya wuce bai shafa ta ba. Ya tafi Gusau ya dawo da wata 'yar farar akwati mai ƙaho biyu da jerin ƙananan fitilu a goshi, ya ce sunanta rauta. Sim ake sa mata, ita ke janyo sabis daga sama ta raba wa wayoyin gida. Ya cika su da labarin wata waya wai ita fayiba da ake haƙa wa rami a manyan birane, ya ce ran da ta iso Anka za a ga mutum a waya kamar a madubi. Kafin nan dai sai a yi maneji da wannan.

Manejin ma ya ƙi. Nura ya yini yana yawo da akwatin nan a tsakar gida kamar mai neman inda kaza ta yi ƙwai. Ya ɗora ta a taga, fitila ta yi ja. Ya hau da ita kan kwano, ta ba shi sandar sabis ɗaya ta ƙwace. Ya ɗaure ta a reshen dogonyaro, shiru. Sai da magariba ta kawo jiki, ya gaji, ya ajiye ta kan wani tsohon turmi da ke kife a kusurwar gabas don ya share gumi, sai ga fitilu duk sun zama kore. Bawan Allah ko bisimilla bai yi ba, fito ya yi da baki don murna. Ya janyo waya daga batirin sola, ya kafa mata 'yar rumfa da guntun kwano saboda ruwa. Da akwai tsohuwa a gidan da ta gaya masa ba a ɗora wa kifaffen turmi kaya da almuru, balle wanda ya shekara da shekaru ba a taɓa ba. Babu tsohuwa, Hure kuwa ta duba ta kau da kai.

To a wannan yammacin, ladan bai rufe baki ba wayar ta yi ƙara a cinyar Hure. Ta shafa inda Nura ya nuna mata. Fuskar Halliru ba ta fito ba, baƙin allo ne kawai da ɗan zobe yana juyawa a tsakiya. Ta yi sallama, ba a amsa ba. Can ƙasa-ƙasa ta fara jin sautin daka, tabarya na sauka a kan abu mai tauri. Bayan dakan akwai yaro yana tari, da wata 'yar ƙaramar murya tana ƙunƙuni, tana cewa a ba ta ƙanzo, ita ba ta son na Haladu, nata take so.

Hure ba ta yi ihu ba, ba ta jefar da wayar ba. Ta manna ta a kunne har ƙarfen ya yi zafi. A gaban murhu muciya ta suɓuce daga hannun Lubabatu, yarinyar ta dafa ƙasa tana jan numfashi, ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ƙirji. Uwar ba ta waiwayo ba.

Wanda ya san Hure a Dareta zai gane abin da ta ji. Can mace ce mai baki, mai daka da waƙa, in ta ɗaga tabarya maƙwabta sun san ita ce. Da zinari ya ɓulla, maza ke kwaso dutse daga rami, mata na dakawa a tsakar gida, yara na birgima cikin ƙurar. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. Ƙananan 'ya'yanta biyu, Haladu da Habsu, suka tafi cikin bazara ɗaya, da jijjiga da kafewar ido. Lubabatu, babbarsu, ta sha maganin likitocin da suka zo, Allah ya tashi kafaɗarta. Aka kankare ƙasar gidajen garin aka zuba sabuwa, aka ce duk abin da ya taɓa dutsen nan a fitar da shi. Hure ta ba da tabarmi, ta ba da ƙore, ta ba da buhuna. Turminta kaɗai ta naɗe cikin tsummoki ta cusa ƙarƙashin kayan ƙaura, don a gindinsa yaran suke wasa. Ba ta sake daka ko barkono a cikinsa ba. Ba ta yi kuka a Dareta ba, ba ta yi a Anka ba. Mutane suka yi ta yaba haƙurinta, alhali ita ba ta jin komai ne, ko ɗanɗanon gishiri.

Washegari ba ta gaya wa kowa ba. Ta jira magariba, wayar ta sake kira.

Nura ne ya fara lura akwai abin da ba daidai ba, shi ma ta wajen sana'arsa. Da rana akwatin rarrafe take, hoto ɗaya sai mutum ya sha fura ya wanke ƙwarya bai buɗe ba. Da rana ta faɗi kuwa sanduna su cika maƙil, fitilu su yi kore shar, amma ko gaisuwa ka aika ba ta fita. Datar da ya zuba ta wata guda ta ƙare kafin mako ya zagayo, ba kuwa mai kallon komai a gidan. Ya zargi yaran maƙwabta, ya canza lambar sirri. Ya zargi kamfani, ya canza sim. Ya duba wayar Hure, babu alamar an taɓa kiran ta. Da ya tambaye ta da wa take magana kullum, ta ce ba ta magana, saurare take. Ya yi dariya ya ce layi ne ke haɗuwa, ya tafi abinsa.

Sai jifa ta fara. Bayan isha'i, ana zaune, ka ji dutse ya sauka kan kwano ya gangaro a hankali. A jima, wani. Ba jifar fushi ba ce, jifa ce ta mai lokaci, wadda ke bari sai ka ce ta ƙare sannan ta ƙaro. Maƙwabta suka fito da tocila suka zagaya bayan gida, ba kowa. Da safe Lubabatu ta share duwatsun ta tara a bakin zaure. Wani dattijo da ya taɓa aikin rami ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ga toka-toka ne mai ƙyalli, ya yar, ya goge hannu a riga. Ya ce wannan ba dutsen cikin gari ba ne, daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, kada a bar yaro ya taɓa.

Lubabatu kuwa tana ta ramewa. Yarinya ce da ta fara tasawa, marar hayaniya, wadda tun ciwon nan karatu ke mata nauyi amma aiki ba ya gagarar ta. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke girki, ita ke tuna wa uwarta ta ci abinci. Yanzu da zarar inuwa ta cika gidan sai muryarta ta dushe, ta nemi wuri ta jingina, ƙirjinta na sama da ƙasa kamar wadda ta sha gudu. Hure tana ganin ta. Gaskiya dai tana ganin ta, da ido. Amma a kunnenta Haladu na ƙirga awaki yana tsallake lamba, Habsu na dariyar nan tata mai shaƙuwa, kuma a duk tsawon shekarun nan lokacin ne kaɗai take jin jini na tafiya a jikinta.

Da Nura ya ga jifa ta ƙi ƙarewa, ga yarinya na lalacewa, jikinsa ya yi sanyi. Ya zo ya zare wayar batir, ya cire sim ya sa a aljihu, ya ce a huta da akwatin nan tukuna. Yana fita Hure ta tashi. Ita da ba ta taɓa kula da yadda ake haɗa abin ba, hannunta ya je daidai ramin ya mayar da waya. Babu sim a ciki, fitilu suka kama kore.

A daren ne Lubabatu ta faɗi. Jikinta ya sandare, ido ya kafe, haƙora suka datse, sak yadda ƙannenta suka yi. Aka kwashe ta zuwa asibiti, aka ɗebi jini, aka ce dalmar da ta rage a jikinta ba ta kai ta jawo wannan ba. Aka dawo da ita gida da ƙwayoyi. Washegari da magariba ta tashi zaune da kanta, ta ja jiki har kusurwar gabas, ta rungume turmin, ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce tukuf, mai kaushi, ta ce a sauke mata kasuwa daga ka.

Nura bai tsaya neman bayani ba. Da asuba ya hau babur ya nufi Gummi, ya dawo da Malam Lirwanu a bayansa da la'asar.

Malam Lirwanu dattijo ne siriri, mai jan ƙafa ɗaya, ba ya ɗaga murya kuma ba ya gaggawa. Ya sha ruwa, ya yi alwala, ya zauna a buzunsa ya yi ta tambaya kamar mai sayen gida. Yaushe aka gina nan, wa ya haƙa rijiya, me aka kawo daga tsohon gari. Ya tsaya gaban akwatin ya daɗe yana kallo, ya tambayi Nura me take ci. Nura ya ce wuta da data. Ya tambaya me take yi. Nura ya ce maganganun mutane da hotunansu ne ke bi ta iska, ita ke kamo su. Malam ya ce, duk ta nan suke bi? Nura ya ce ta nan. Malam ya dubi abin da ke ƙarƙashinta, ya tambayi na wane ne. Hure ta ce nata ne. Ita ce kalmar farko da ta faɗa tun shigowarsa.

Aka yi sallar magariba. Aka shimfiɗa wa Lubabatu tabarma a tsakar gida, aka lulluɓe ta da zane, Nura ya riƙe fitila. Malam ya fara karatu a hankali, yana tofawa a ƙwaryar ruwa da ganyen magarya. Unguwar ta yi tsit, ko kare ba ya haushi. Ya daɗe yana yi ba abin da ya motsa, har Nura ya fara sauya ƙafa. Sannan yatsun yarinyar suka fara murɗewa, wuyanta ya juya ta fuskanci malamin ido rufe.

"Ya isa, Lirwanu. Kana ƙona ni."

Malam ya yi mata sallama, ta amsa a gajarce. Ya tambayi sunanta, ta ce ba ta ba da shi ga wanda bai ba ta komai ba. Ya tambaye ta ko Musulma ce, ta ce ta riga kakansa jin kiran salla. Ya ce to me ya kawo ta jikin ɗiyar mutane?

Ta ba da labarinta ba tare da hanzari ba, da muryar da ke fita kamar ana jan buhu a ƙasa. Ta ce gidanta cikin dutse yake, can ƙarƙashin dajin Dareta, tun ba a san garin ba. Maza suka zo da diga suka fasa shi, suka ɗauko ta cikin buhu, matar nan ta zuba ta a turmi ta daka. Ba ta rama ba. Ta shige tsagar itacen ta zauna, aka kawo ta Anka, aka kife ta, ta ji daɗin duhun. Shekaru ba ta taɓa kowa ba. Rana ɗaya wani marar kunya ya zo da almuru, ba sallama, ya ɗora mata akwati a ka, tun daga ranar surutun duniya duka ta cikin kanta yake ratsawa, ciniki da zagi da waƙe-waƙe da kukan mutanen da ba ta sani ba. Nura ya sunkuyar da kai, fitila ta karkace.

Malam ya ce an yi mata laifi, za a sauke akwatin yanzu, ta fita ta bar yarinya. Ta yi wata dariya marar daɗi.

"An sauke ta ai. Tambayi wadda tam mayar."

Malam bai waiwaya ba. Ya tambaye ta ko ita ta kashe yaran Dareta. Ta ce a'a, kada ya ɗora mata abin da ba ta yi ba, ƙurar da suka daka da hannunsu ce. Ita dai tana cikin turmin tana jin su kullum, ta haddace muryoyinsu kamar yadda yake haddace karatunsa. Da akwatin ta buɗe mata hanya sai ta gwada muryoyin don ta tsorata mutanen gidan su kwashe kayansu. Maimakon matar ta gudu, sai ta manna kunne. Washegari ma ta dawo. Ta ce ba a taɓa sauraron ta haka ba.

Malam ya ɗaga murya kaɗan, karo na farko. Ya ce matattu ba sa magana a waya, yaran nan suna wurin Ubangijinsu, abin da ake ji kwaikwayo ne da yaudara.

"Ta sani," in ji muryar. "Tun ran farko ta sani."

Hure tana zaune inda take, hannu a cinya. Ba ta musa ba.

Malam ya ce to me ya haɗa wannan da Lubabatu? Sai da ya ɗauki ƙwarya zai yayyafa ruwa sannan muryar ta amsa.

"Ni ba ni da maƙoshi irin naku. Da numfashin wagga nika yin muryar waɗancan. Kullum kaɗan. Saura kaɗan ya rage."

Nura ya yi salati a hankali. Hure ta dubi zanen da ke lulluɓe da 'yarta, ta ga yadda yake ɗagawa da ƙyar, ta ga ƙashin wuyan da ya fito. Ta nemi tsoro a cikinta, ta nemi tausayi, ta tarar da wurin fayau kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Abin da ta ji kawai shi ne lokacin kira ya wuce yau ba a kira ba, kuma ta ji kunyar jin hakan.

Malam ya koma karatu, da ƙarfi yanzu. Jikin yarinyar ya yi ta murƙususu, gumi ya jiƙa zanen, duwatsu suka sauka kan kwano a jere. Muryar ta yi nishi ta ce ya ƙona ta in ya ga dama, amma ya sani yarinyar ba za ta kai ƙarshen surar ba. Ta ce ba da ƙarfi ta zauna ba, riƙe ta aka yi, kuma wanda ya riƙe baƙo shi ke sallamar sa. Ga sharaɗinta: a mayar da turmin dajin da aka ɗauko ta, a jefa shi tsohon rami, ta tafi ba ta dawowa. Amma muryoyin da ita za su tafi, har waɗanda ke cikin kan matar, ba za ta bar ko tari ɗaya ba. In kuwa matar na so, a bar komai yadda yake, ita ba ta gaji ba.

Malam ya dakata. Ya taɓa wuyan Lubabatu da yatsu biyu, ya daɗe, sannan ya juyo ya dubi Hure sosai.

"Ɗiyata, kin ji. Ni karatu nika iyawa. Wagga magana taki ta."

Gidan ya yi shiru. Fitilun akwatin suna ƙyaftawa a kusurwa. Wani jaki ya yi kuka can nesa ya daina. Nura ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu. Hure tana kallon ƙasa tsakanin ƙafafunta. Ta san amsar, kowa a wurin ya san ta, amma harshenta ya yi nauyi, ya kwanta a bakinta ya ƙi tashi. Ta tuna ba ta da hoton yaran ko ɗaya. Ta tuna fuskokinsu sun riga sun dushe mata tun bara waccan. Shirun ya yi tsawo har Malam ya sake kiran ta.

Da ta yi magana, ba da malamin ta yi ba.

"Ki bar ni in ji su sau ɗaya. Sau ɗaya tak, in yi musu sallama."

"Sau ɗayan da ran wagga za a yi shi," in ji Malam Lirwanu.

Ta sake duban zanen da ke lulluɓe da 'yarta. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe kamar tsohuwa, ta taka zuwa kusurwar gabas. Ta zare wayar batir, fitilun ba su mutu ba. Ta ɗauke akwatin da hannu biyu ta ajiye a ƙasa, suka mutu. Ta kama turmin ta birkice shi bakinsa ya dubi sama, ƙura mai toka-toka ta zubo mata a ƙafa.

"Tahi," ta ce. "Na sallame ki."

Malam ya sa muryar ta rantse da Wanda ya halicce ta, ta rantse. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu, kada ta taɓa ido ko kunne. Ƙafar yarinyar ta miƙe ta yi rawa, ta saki. Lubabatu ta yi atishawa, ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta juya gefe ta yi barci. Ba a sake jin dutse a kan kwano ba.

Da gari ya waye Nura ya naɗe turmin a buhu, ya ɗaure a bayan babur, Malam ya bi shi har bakin ramin ya ga an jefa. Suka kankare ƙasar kusurwar suka fitar, Hure ta wanke ƙafafunta da sabulu kamar yadda likitoci suka taɓa koya musu. Nura ya so ya mayar da akwatin Gusau, Malam ya ce ba ruwanta, ƙarfe ne da roba, a dai nema mata wuri da bisimilla. Aka rataye ta a ƙusa jikin taga. Sanda ɗaya take kamawa, wani lokaci babu.

Hure ta gwada, ba sau ɗaya ba. Tana wanke-wanke sai ta tsaya ta nemi yadda Habsu ke cewa Inna. Ta san tana faɗa, ta san akwai yadda take jan ƙarshen, amma sautin babu shi. Na Haladu ma haka. Ta ci gaba da wanke kwanonin.

Bayan 'yan kwanaki Halliru ya gangaro gari ya kira. Fuskarsa ta fito rabi, baƙa, ta daskare baki buɗe, muryar na zuwa gutsure-gutsure. Ya tambaya kowa lafiya. Ta ce lafiya lau. Ya ce ba ya ji, ta sake faɗa. Ya ce ina Luba, kafin yarinyar ta iso sabis ya ɗauke.

Lubabatu ta fara cin abinci, ta fara tashi. Ran da ta iya zama da kanta, Hure ta ɗauko man shanu da mashaci ta ce ta zo a tsefe mata kai, ya cukurkuɗe tun kwanciyarta. Yarinyar ta dube ta da mamaki, don rabon da uwar ta taɓa kanta tun suna Dareta. Ta zo ta zauna tsakanin ƙafafunta, ta ba ta baya. Hure ta sa mashaci ta fara tsifa.

"Inna."

"Na'am."

"Ran da Malam yaz zo, ba barci nike ba. Ina ciki, ina jin komi. Ba ni dai iya motsi."

Hannun Hure ya tsaya a cikin gashin.

"Na ji sa'ad da anka tambaye ki," in ji Lubabatu, a hankali, ba fushi a muryarta. "Kin daɗe ba ki amsa ba."

Hure ta nemi abin da za ta ce. Ta duba ko akwai ƙaryar da za ta isa, babu. Kuka ya taso mata, abin da ta manta yadda ake yin sa, ya tsaya nan bai fita ba bai koma ba.

"Na daɗe," ta ce.

Yarinyar ta gyaɗa kai. Ba ta tashi ba, ba ta kuma jingino ba. Hure ta laƙato man shanu, ta raba gashin da yatsa, ta ci gaba da tsifa.